Dokar Daidaita Inshorar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ta Jiki a Amurka

Daidaiton inshorar lafiyar ƙwaƙwalwa ƙa'ida ce da ta hana kamfanin inshora ƙuntata wa mai ciwon damuwa, taɓin hankali ko matsalar shaye-shaye fiye da yadda yake yi wa mai ciwon suga ko hawan jini. An fi sanin ta a Amurka, inda akasarin ma'aikata ke samun inshora ta wurin aikinsu. A da, kamfanoni kan yanka wa ciwon ƙwaƙwalwa ɗan kaso kaɗan. Kuɗin ya ƙare majiyyaci bai warke ba, sauran nauyin ya faɗo kan iyali.

Sanatoci biyu ne suka tsaya wa lamarin: Pete Domenici na jam'iyyar Republican da Paul Wellstone na Democrat. Kowannensu yana da mai fama da irin wannan ciwo a gidansa. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da suka kawo, wadda ta hana bambanci a iyakar kuɗin da inshora ke biya a shekara ko tsawon rayuwa. Sai kamfanonin suka bi ta bayan gida: suka rage yawan ganin likita da kwanakin kwanciya asibiti, suka ƙara abin da majiyyaci ke biya daga aljihunsa.

Wellstone ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2002. Dokar da ta toshe waɗannan ɓarakoki, mai ɗauke da sunansa da na Domenici, sai ran 3 ga Oktoba 2008 Shugaba George W. Bush ya rattaba mata hannu, kuma a cikin ƙunshin dokar ceto bankuna ta samu wucewa. Ta haɗa da maganin shaye-shaye, ta kuma shafi ma'aikatu masu fiye da mutum 50. Amma ba ta tilasta wa kowa biyan kuɗin maganin ƙwaƙwalwa ba. Cewa ta yi idan za a biya, to a daidaita. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ce ta sa wannan magani cikin abubuwa 10 da suka zama dole a inshorar ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ma'aikatu.

Inda gizo ke saƙa yanzu shi ne shingayen da ba a gani a lissafi. Kamfani kan ce sai an nemi izininsa kafin a fara magani, ko ya biya likitocin ƙwaƙwalwa kuɗin da bai taka kara ya karya ba har su daina karɓar inshorar. Wannan zalunci ne ga mara lafiya, domin mai ciwon damuwa ba shi da ƙarfin zaryar neman haƙƙinsa. Daga 2021 aka wajabta wa kamfanoni rubuta hujjar cewa irin waɗannan sharuɗɗa ba su fi tsanani a ɓangaren ƙwaƙwalwa ba.

Dokar daidaiton ta 2008 ba ta shafi Medicare ba, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi da naƙasassu, wadda ba ta biyan fiye da kwana 190 na kwanciya a asibitin masu taɓin hankali tsawon rayuwar mutum.