Me ake nufi da "amincewa bisa sani" a binciken tsokar zuciya?

Bara muka tashi daga Katsina na raka kawuna wani asibiti inda za a yi masa tiyatar zuciya. Ana gobe aikin, wata nas ta shigo da takardu biyu. Ta ce, "Baba, wannan ta aikin ce. Wannan kuwa roƙo ne, na ka yarda a ba masu bincike ɗan guntun tsokar zuciyarka." Kawu ya miƙa babban yatsa: "'Yata, kawo in dangwala, ai ku kuka sani." Ta riƙe takardar, ta ce sai ta karanta masa da Hausa tukuna.

Abin da ta yi shi ne amincewa bisa sani: mutum ya yarda bayan an fahimtar da shi, cikin harshen da yake ji, babu tsoro babu tilas. Dangwale kaɗai ba yarda ba ce. Kuma yardar da ka ba likita ya yi maka aiki ba ta ba shi damar ajiye wani yanki na jikinka don bincike ba.

Yankin ba shi da girma. Lokacin da za a haɗa majinyaci da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, akan yanke ɗan guntu daga wani lungu mai siffar kunne a saman zuciyar, wanda da jefarwa za a yi. Masu bincike na matuƙar son sa, domin zuciyar ɓera da suka saba gwaji da ita tana bugawa sama da sau 500 a minti, ta ɗan Adam kuwa 60 zuwa 100. Kuma mu 'yan Arewa muna cikin masu buƙatar wannan bincike, ganin yadda ciwon zuciyar masu jego ke kwantar mana da mata.

Amma ƙanƙantar abu ba ta mai da shi na kowa. A 1999 aka gano cewa asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool a Ingila ya tara zukatan yara sama da 2,000, akasari ba da sanin iyayensu ba. Wasu iyayen sai da suka sake jana'iza. Abin ya kai ga sabuwar doka a 2004. Mu ma muna da namu tabon a maƙwabta: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009.

A nan Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire wani sashe daga jikin mai rai sai da amincewarsa, ta kuma haramta cinikin sassan jiki. Kowane bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba shi kafin a fara.

Inda na fi damuwa shi ne kuɗi. Yarjejeniyar Helsinki kan ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam, wadda likitocin duniya suka fara kafawa a 1964, ta ce a gaya wa mutum ko wane ne ya ɗauki nauyin binciken. Jami'a ce, ko kamfanin magani? A ina za a ajiye tsokar, shekara nawa, za a fitar da ita waje? Talakan da ya sayar da gona ya biya kuɗin tiyata kunyar tambaya yake ji, yana gudun kada likita ya ɓata rai. Shi ya sa nauyin bayani yake wuyan mai bincike.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "In na ce a'a fa, za a yi mini aikin?" Ta ce, "Za a yi, Baba, babu abin da zai canja." Ya ce a bar masa takardar sai ya yi shawara da iyalinsa. Da asuba ya dangwala.