Tocilar LED Haɗin Gida

Tocilar LED haɗin gida, wadda wasu ke kira cocila, fitilar hannu ce da mutum ke harhaɗawa da kansa daga ƙwan LED, batir, makunni, rizista (ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa) da 'yan wayoyi, ya zuba su cikin wani mazubi da ya samu a kusa. Galibi yara 'yan makaranta da masu koyon gyaran rediyo ne ke yin ta, wasu don sha'awa, wasu don daren da aka ɗauke wuta. Tana daga cikin ayyukan da ake fara koyon lantarki da su, domin kayanta ba su da tsada, kuma in an yi kuskure nan take ake gani.

Asali

Tocila mai batir ta bayyana a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19; a 1899 ne David Misell ya sami rajistar ƙirar tasa. Ƙwanta na da zare ne a ciki, wanda ke yin haske in ya yi zafi. LED kuwa ba shi da zare, haskensa daga wani ɗan ƙanƙanin sinadari yake fita idan lantarki ya ratsa shi. Nick Holonyak ne ya ƙera ja na farko da ido ke gani a 1962, a kamfanin General Electric. Fari ya daɗe bai samu ba, sai da aka samu shuɗi mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci kyautar Nobel ta fannin fiziks a 2014. Farin LED ɗin da ake sayarwa a kasuwa shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari rawaya. Haɗuwar launukan biyu ce ido ke ɗauka a matsayin fari. Wanda ya leƙa cikin ƙwan a kashe zai ga ɗigon rawayan.

Da ƙwayayen suka yi araha a shekarun 2000, sai wata fitila ta bazu a garuruwan Arewa: akwatin katako mai manyan batira uku, da tsohon faifan CD da aka huda aka jera ƙwayaye a kansa don ya riƙa mayar da haske. Masu shayi da masu tireda sun yi amfani da ita sosai.

Yadda ake haɗawa

Ƙwan LED mai faɗin milimita 5 yana da ƙafa biyu. Doguwar ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa, gajerar kuma ɓangaren ɗebewa. In an ciro shi daga tsohuwar fitila, ƙafafun sun riga sun gutsure, sai a duba gefen ƙwan: inda aka shafe ya yi lebur, nan ne ɗebewa. In an juya shi ba zai kama ba.

Wurin da aikin yake shi ne rizista, kuma nan ne akasarin masu koyo ke tuntuɓe. Tsohon ƙwai mai zare yana rage wa kansa wuta in ya yi zafi. LED akasin haka yake: yana ɗumama yana ƙara jan wuta, ƙarin wutar kuma na ƙara masa zafi, har ya ƙone. Farin ƙwai yana bukatar kimanin bolt 3.2 da miliamfiya 20 (wato amfiya 0.02, yawan wutar da ke ratsa shi). Batira uku masu bolt 1.5 suna ba da 4.5, ke nan akwai rarar 1.3 da dole wani abu ya shanye. A dokar Ohm, wadda ake lissafin girman rizista da ita, sai a raba 1.3 da 0.02, a sami om 65; mafi kusa da ake samu a shago shi ne rizista mai om 68, mai zoben shuɗi da ruwan toka da baƙi. Yaron da ya tsallake wannan lissafin zai ga fitilarsa ta fi ta kowa haske a daren farko, bayan 'yan kwanaki hasken ya koma shuɗi-shuɗi, ya dushe, ya mutu. Fitilun faifan CD da yawa haka suka ƙare, domin kai tsaye ake jona su. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, gara ma a sa om 100; hasken da za a rasa kaɗan ne, ƙwan kuma zai daɗe. Idan ƙwayayen suna da yawa, kowanne a ba shi nasa rizistan.

Ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ake iya manna wa ƙwai kai tsaye, saboda ba ya iya turo wuta mai yawa.

Ana haɗa wayoyin da dalma. Ƙa'idar ita ce a ɗora bakin ƙarfen dalma a kan mahaɗar ta yi zafi, sannan a kawo dalmar ta narke a kanta; sakan biyu ko uku ya isa. Mahaɗa mai kyau tana sheƙi, marar kyau takan dunƙule kamar ƙwayar gero, da an girgiza ta saki. Inda babu wuta, wasu masu gyara kan gasa ƙarfen a garwashi. Mazubi kuwa, guntun bututun ruwa na roba ya fi komai dacewa, sai a toshe kafofinsa da gam saboda ƙurar hunturu, wadda ke shiga makunni ta hana shi kamawa.

Batir mai caji

Yanzu an fi karkata ga batirin lithiyam, ko na tsohuwar wayar hannu ko mai lamba 18650 da ake cirowa daga batirin kwamfuta. Lambar 18650 awonsa ce: faɗi milimita 18, tsawo 65. Yana ba da bolt 3.7, in ya cika 4.2. Wannan batir ba abin wasa ba ne. Ba a caja shi sai ta ɗan allon caji irin TP4056, wanda ke tsayar da wuta in ya cika, kuma an fi son mai kariya da ke hana batirin zuƙewa ƙasa da kima. Wanda ya kumbura ko ya lotse a rabu da shi. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, kada a ɗora masa ƙarfen dalma a jiki ya daɗe, kada kuma a jefa shi aljihu tare da makullai, don in ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya kama wuta.

Manyan ƙwayaye masu wat 1 suna jan kusan miliamfiya 350, dole a manna su a kan guntun alminiyam ya riƙa kwashe zafi.

Akwai kuma wani haɗi da masu sha'awar abin ke kira ɓarawon wuta, wanda aka wallafa a wata mujallar lantarki ta Ingila a 1999. Tiransista (ɗan makunnin lantarki mai ƙafa uku) ɗaya ne da rizista da siririyar waya da aka nannaɗe a ɗan zoben da ake cirowa daga mataccen ƙwan lantarki mai tsimin wuta. Yana kunnawa yana kashewa sau dubbai a sakan ɗaya, yana ɗaga ƙarfin batir guda mai bolt 1.5 har ya kunna farin ƙwai, ko da batirin da rediyo ta riga ta ƙi ne.