Fasiƙanci fa ba zina kaɗai yake nufi ba

Yawancinmu da an ce wane fasiƙi ne sai hankali ya tafi kan neman mata, shi ke nan, kamar kalmar ba ta da wani aiki sai wannan. To ba haka abin yake ba. Daga Larabci muka aro ta, fisƙ, kuma asalin ma'anarta fita ne daga cikin abu, Larabawa in ɗanyen dabino ya fito daga ɓawonsa da wannan kalmar suke faɗa, daga nan ne ta zama fita daga ɗa'ar Allah ko ta wace hanya. A Suratul Kahfi aya ta 50 da ita aka siffanta Iblis, kuma kowa ya san laifinsa ƙin yin sujjada ne, ba ruwansa da mata. A Hujurat aya ta 6 ma kan fasiƙi mai kawo labari ake magana, cewa a bincika labarinsa tukuna. Kai har ɓera da kunama da hankaka an kira su fasiƙai a hadisi saboda ɓarnarsu! Don haka maƙaryaci da mai tauye mudu da mai cin hanci duk sunan ya hau kansu, mu ne dai muka ƙuntata shi.