Ma'anar kilowat-awa, ma'aunin da ake lissafa wutar gida da shi

Duk wanda ya ɗaga butar lantarki ya duba ƙarƙashinta, ko ya karanta ƙaramin rubutun da ke jikin dutsen guga, zai ga wata lamba haɗe da harafin W, kamar 2000W ko 1200W. Idan kuma ya dubi mita ko takardar kuɗin wuta, haruffan kWh zai gani, waɗanda mutane da yawa suke kira yunit. Na farkon shi ne wat, na biyun kuma kilowat-awa, kuma rashin rarrabe su ne yake sa mutum ya yi ta tsimin wuta a inda take ɗiga kawai, ya bar inda take kwarara.

Wat ma'auni ne na ƙarfin da na'ura take jan wuta da shi a lokacin da take aiki. An samo sunan daga James Watt, injiniya ɗan Sikotland da ya rayu daga 1736 zuwa 1819, wanda ya shahara wajen inganta injin tururi. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya. Shi kuwa kilowat-awa, adadin wutar da aka sha ne idan na'ura mai wat 1,000 ta yi awa ɗaya cur tana aiki. Idan aka kwatanta da famfo, wat shi ne ƙarfin zubowar ruwa, kilowat-awa kuma ruwan da ya taru a bokiti. Mita ruwan bokitin take ƙirgawa, don haka famfon da ke zuba a hankali dare da rana yana iya cika bokiti fiye da wanda aka buɗe da ƙarfi na minti biyu.

Lissafin ba shi da wuya: a ninka wat ɗin na'ura da yawan awannin da ta yi tana aiki, sannan a raba da 1,000. Tsohon ƙwan fitila mai zaren ƙarfe na wat 60, idan yana kunne awa 5 kullum, zai sha yunit 9 a kwana 30. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wancan, yunit 1.35 kawai zai sha a wannan lokaci. Dalilin wannan tazara shi ne tsohon ƙwan yana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zuwa zafi, abin da duk wanda ya taɓa kai hannu kansa bayan ya jima a kunne ya sani. Shi ya sa ya kamata mai sayen ƙwai ya duba lambar lumen, wadda ita ce ma'aunin haske: wancan tsohon ƙwan yana ba da kimanin lumen 800, kuma duk ƙwan da ya ba da haka da wat kaɗan ya fi shi.

Inda wannan ma'auni yake buɗe ido sosai shi ne wajen na'urorin da aikinsu samar da zafi ne. Hitar ɗumama ɗaki mai wat 2,000 da aka bari a kunne awa 4 ta sha yunit 8. Batirin wayar hannu kuwa wat-awa 15 ko kusa da haka yake ɗauka, wanda ke nufin ko da za a cika shi kullum daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, wutar da za ta tafi ba za ta kai ta wannan hitar a yamma ɗaya ba. A ganina, gidan da ake faɗa a kan cajar waya alhali hita tana ci a ɗakin da babu kowa, an bar jaki ana dukan taiki. Ruwa ma yana da tsadar ɗumamawa, domin kafin lita ɗaya ta tashi daga digiri 20 zuwa tafasa sai ta sha kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. Wanda ya cika buta mai lita biyu alhali kofi ɗaya yake bukata, ya biya kuɗin tafasa ruwan da zai huce a banza. Haka tankin ruwan wanka da ake bari a kunne yini guda: ruwan yana hucewa, na'urar tana sake ɗumama shi, mita kuma tana ƙirgawa.

Akwai wani abin lura game da lambar da ke jikin na'ura. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga ba sa jan cikakken wat ɗinsu a kowane lokaci, domin suna da abin da ke kashe su idan sanyi ko zafi ya kai yadda ake so, ya sake kunna su daga baya. Mai sauraro zai ji injin firji ya yi gurnani na ɗan lokaci sannan ya yi tsit. Duk abin da zai tsawaita wannan gurnani, kamar robar ƙofa da ta saki, ko sanya abu mai zafi a ciki, ko manna bayan firjin da bango har iska ta kasa ratsawa, yana ƙara awannin da ake ninkawa. Saboda haka ne a ƙasashe da dama ake liƙa wa firji takardar da ke nuna yunit nawa yake sha a shekara, kuma wannan lamba ce ta fi dacewa a kwatanta kafin a saya.

Ƙaramar jar fitilar da ke ci a jikin talabijin bayan an kashe shi da rimot alama ce ta cewa har yanzu yana jan wuta. Shekara tana da awa 8,760, don haka wat ɗaya da ba ya tsayawa yunit 8.76 ne a shekara, kuma na'urori goma irin wannan sun haura yunit 87.

Wanda yake son sanin gaskiyar abin da gidansa yake sha, sai ya rubuta lambar mita da dare kafin ya kwanta, ya sake dubawa da safe kafin a kunna komai. Bambancin lambobin biyu shi ne abin da firji da tankin ruwa da na'urorin da ke jone a soket suka sha yana barci. Washegari sai ya kashe ɗaya daga cikinsu ya maimaita gwajin, ya ga yunit nawa suka ragu.