Jinsin zuci: maganar da ta kai iyaye da makarantu kotu a Amurka

Duk mai bin labaran Amurka da Ingila ya sha jin iyaye sun yi cincirindo a ƙofar makarantar firamare, ko wani gwamna ya sa hannu a dokar hana koyar da “jenda”. Abin da ake ta-ƙi-ta-ƙi a kansa shi ne jinsin zuci, wato jinsin da mutum yake ji a ransa cewa shi ne nasa, namiji ko mace ko ba ko ɗaya ba, ko da ya saɓa wa halittar jikinsa. Masu wannan fahimta sun raba jinsi gida biyu: na halitta, wanda ungozoma ke gani ta faɗa ranar haihuwa, da na zuci, wanda mai shi kaɗai ke iya faɗa. A wajen galibin mutane biyun sun dace. Wanda nasa suka saɓa shi ne 'yan jarida ke kira mai sauya jinsi, ko da bai taɓa zuwa wajen likita ba.

Mutanenmu kan cakuɗa wannan da mata-maza, alhali ba ɗaya ba ne. Mata-maza lamari ne na jiki da ido ke gani, malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin bayani a kan rabon gadonsa. Ba kuma luwaɗi ko maɗigo ba ne, domin su magana ce ta wanda mutum ke sha'awa, wannan kuwa magana ce ta yadda mutum ya ɗauki kansa, duk da cewa dokoki da gardandami kan haɗa su a kwando ɗaya.

Daga asibiti maganar ta fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Robert Stoller, yana cikin waɗanda suka fara amfani da kalmar a rubuce wajen 1964. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cire saɓanin jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa, sabon tsarin ya fara aiki a 2022. Kafin nan tuni batun ya shiga siyasa, daga siyasa ya gangaro aji.

To me ake koya wa yaran? Ba wani darasi ne mai zaman kansa kamar lissafi ba. Yawanci littattafan labari ne masu hotuna da malama ke karanta wa 'yan shekara biyar ko shida: labarin yarinyar da ta ce wa mahaifiyarta ita namiji ce, aka karɓa, aka yi murna. Sai batun suna, da ko a ce wa yaro “shi” ko “ita”, da ko makaranta za ta sanar da iyaye idan yaro ya nemi a canza masa. Masu goyon baya suna cewa irin waɗannan yara da iyalai suna nan a cikin ajin, kuma idan aka yi shiru a kansu, tsangwama ce ke cike gurbin. Masu adawa suna cewa ɗan shekara biyar ba ya bambance labari da hukunci, duk abin da malama ta faɗa gaskiya ce a wajensa, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tanƙwarar haƙƙin iyaye ce.

Jihar Fulorida ta ɗauki hanyar hani. A watan Maris na 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta hana koyar da batun jinsin zuci da sha'awar jinsi daga nazare zuwa aji uku, a 2023 aka faɗaɗa hanin zuwa manyan azuzuwa. Kalaman dokar sun yi faɗi har malamai suka rasa abin da ya halatta su faɗa, sai da aka yi sulhu a kotu a 2024 aka fayyace cewa koyarwa aka hana, ba ambato ba.

Gundumar Montgomeri ta jihar Meriland kuwa ta yi akasin haka, kuma nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. A 2022 hukumar makarantunta ta shigo da irin waɗancan littattafai, ta bar wa iyaye damar janye 'ya'yansu a lokacin karatun. A watan Maris na 2023 sai ta soke damar, tana cewa masu janyewa sun yi yawa, tsarin aji yana rikicewa, ana kuma nuna wa wasu yara wariya. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗu suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Mahmoud da Taylor. Ranar 27 ga Yuni 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta goyi bayan iyayen, tana kafa hujja da hukuncin 1972 da ya bai wa Kiristocin Amish damar cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, da ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta yi gargaɗin cewa hukuncin zai jefa makarantun gwamnati cikin ruɗani.

A ganina hukumar ce ta jawo wa kanta. Hujjarta cewa iyaye da yawa suna janyewa ai ita ce shaidar cewa jama'ar da take yi wa aiki ba su gamsu ba. Amma a lura, kotun ba ta ce a kwashe littattafan ba, ba ta kuma ce jinsin zuci ƙarya ne ko gaskiya ba. Cewa ta yi a sanar da iyaye tun da wuri, wanda addininsa bai yarda ba ya janye ɗansa.

Ingila ma ta ɗanɗana nata a 2019, lokacin da iyaye, yawancinsu Musulmi, suka yi ta zanga-zanga a makarantun firamare na Parkfield da Anderton Park a Birmingham, har babbar kotu ta hana taruwa a ƙofar ta biyun. Sabbin ƙa'idojin da ma'aikatar ilimin Ingila ta fitar a watan Yuli na 2025 sun umarci makarantu da kada su koyar da cewa kowa yana da jinsin zuci a matsayin tabbataccen abu, domin batu ne da ake jayayya a kansa.