Waiwaye: Idan aure ya mutu, a hannun wa ɗa zai tashi?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun shari'a a Kano ko Zariya ya san irin wannan ƙarar. Mace na tsaye da yaro riƙe da gefen hijabinta, tsohon mijinta na ɗaya ɓangaren yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, ta yaye shi, a ba ni ɗana." Yana faɗa ne da ƙarfin gwiwa, domin abin da ya taso ya ga ana yi a gidansu ke nan. Sai alƙali ya buɗe littafi ya karanta masa abin da bai taɓa ji ba.

Hukuncin da ke cikin littafin ya girmi kotun da shekaru fiye da dubu. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya bayan ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka yi ta ja har gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya ce a bar mata yaron. Umar bai ƙara cewa uffan ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya gaya wa wata mata da aka saki cewa ita ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi wani aure ba.

A kan wannan ne malaman Malikiyya suka gina babin da suke kira hadana, wato riƙon yaro. Risala, wadda almajirai ke biyawa a zaure tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804, ta faɗi abin ƙarara: riƙo na uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har a ɗaura mata aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi aure, riƙon ya koma wa kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. A jerin da Mukhtasar Khalil ya kawo, sai an wuce waɗannan, an wuce kakar yaro ta wajen uba, kafin a iso kan uban kansa. Maganar shekara bakwai da ake yawan ji a bakin mutane daga wasu mazhabobin ta fito, Hanafiyya da Shafi'iyya.

Hakan bai cire uba daga lissafi ba. Shi ne waliyyi, ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa, kuma Khalil ya ba shi damar duba ɗansa, da yi masa tarbiyya, da tura shi makaranta, amma yaron ya koma ya kwana wurin mai riƙonsa. Idan kuma uba zai yi ƙaura ta dindindin zuwa gari mai nisan baridi shida (baridi ma'aunin nisan tafiya ne a littattafan fiƙihu), yana iya tafiya da shi.

To ina aka samo ƙwace yaro ranar yaye? Daga al'ada. Bahaushe ya riƙe cewa ɗa na ubansa ne, kuma abin kunya ne a ce jininka yana agolanci a gidan wani ƙato. Da an cika wata goma sha tara ko shekara biyu, sai a aiko gwaggo ta zo ta ɗauke shi, a kai wa kaka ko a miƙa wa matar uba, wadda ba ta nema ba, ba a kuma shawarce ta ba. Iyayen matar ma sukan goyi bayan haka, don bazawara mai goyo ba ta saurin samun manemi.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun taɓa hukunce-hukuncen haddi amma sun bar wa alƙalai sha'anin aure da gado. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, a ƙarshen shekarun 1960 kuma gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna. Dokar aure ta tarayya ta 1970 ta ce maslahar yaro ce kan gaba, sai dai ta shafi auren rajista ne kawai, ta tsame auren Musulunci da na gargajiya. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bar batun aure da waliccin yara a hannun kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a. Ko guguwar ƙaddamar da shari'ar Musulunci da ta taso daga Zamfara a 1999 ba ta sauya komai a nan ba, don wannan babin dama yana aiki.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ce ta kawo sabon salo: kotun iyali, da damar uwa ko uba su nemi riƙo ko izinin ganin yaro. Jihohin Arewa da yawa sun ja ƙafa, galibi saboda ƙayyade shekarun aure 18. Kano sai a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki Gwamna Ganduje ya sauka, ta sa hannu a kan tata. Kafin nan, a 2017, Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi shelar daftarin dokar iyali da za ta tattara hukuncin aure, saki da ciyarwa wuri guda. Surutu ya tafi kan ƙarin aure, aka manta da sauran, har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba.

A ganina, kuɗi ne ke yanke hukuncin da littafi bai yanke ba. Alƙali zai ba uwa riƙo, ya yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Wata biyu, uku, sai shiru. Ta je Hisba, a kira shi, ya yi alkawari, ya sake ɓacewa. Kuɗin motar zuwa kotu ma aiki ne. Ranar da kuɗin makaranta ya gagara, da kanta za ta haɗa kayan yaron a leda ta aika da shi, kuma a takarda za a ce ita ta sarayar da haƙƙinta.

Daga nan sai rigimar ganin yaro. Dokarmu ba ta da wani tsayayyen jadawali na kwanaki, sai abin da alƙali ya ga ya dace ko dattawan ɓangarorin biyu suka sasanta: hutun makaranta, yawon Sallah, wani lokaci ƙarshen mako. Inda aka rabu dutse a hannun riga kuwa, uwa kan koma zuwa ƙofar Islamiyya lokacin tashi, ta ga ɗanta minti biyar, ta cusa masa ɗari biyu a aljihu, ta ce kada ya faɗa a gida.