Kocin jami'a a Amurka ba ƙaramin malamin wasanni ba ne

Da yawa sun ɗauka kocin ƙwallon jami'a a Amurka malamin wasanni ne kawai, mai jiran babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Sam ba haka ba ne. Nick Saban yana horar da Miami Dolphins a gasar ƙwararru ta NFL ya ajiye aikin a 2007, ya koma Jami'ar Alabama, inda ya ci kofin ƙasa na jami'o'i sau 6. Ƙwallon Amurka ake nufi fa, wadda ake rugawa da ita a hannu. Filin wasan Jami'ar Alabama yana cin mutum sama da 100,000. Kuɗin tikiti da na talabijin suka sa albashin Saban ya haura dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya a Janairun 2024. Ko gwamnan jihar bai kama ƙafarsa ba.